Jan Ƙyalle a Madubin Dama

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina tuƙi, har sunayen wasu garuruwan da na sha kwana a cikinsu sun ɓace mini. Amma abin da ya same ni a bazarar shekarar da Nijeriya ta bar hannun hagu ta koma dama, wannan kam sai dai a rufe ni da shi. Ba don ya fi kowane hatsari muni ba, na ga waɗanda suka fi shi a hanyar Tawa. Shi dai wannan, shi ne wanda aka wanke ni a cikinsa tas, alhali ni ne mai laifin.

A lokacin ni shofer ne, wato direba, ina jan kamyon, babbar motar kaya, ta wani Alhaji na Birnin Ƙonni. Aikina in ɗauko wake a kasuwar Badagishiri, ko albasa a wajen Malbaza, in kai Sakkwato, in dawo da goro da kananzir da atamfa. Ina da mata da yara uku a Ƙonni, ga tsohuwata a Tajaye, duk da sitiyarin nan ake ci. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ɗauka ba'a nake, amma haka abin yake: mu a nan dama muke bi yadda Faransa ta bar mana, su a can hagu suke bi yadda Ingilishi ya bar musu. Harshe ɗaya, kawu a can, suruki a nan, amma da ka ƙetare iyaka sai ka kwashe motarka ka koma ɗaya gefen hanya.

Shoferorin tasharmu suna da wata dabara a kan wannan. Kowa yana da jan ƙyalle da yake ɗaurawa a madubin gefen da ya kamata ya bi. In yana ƙasarmu, ƙyallen na madubin dama. In ya tsaya a sandar duwan, wato shingen kwastan na iyaka, ana duba takardu, sai ya kwance ya mayar madubin hagu. Wani dattijo da ya girme mu duka a tuƙi, muna ce masa Baba, shi ya kawo abin, kuma ba ya barin sabon shofer ya fita tasha ba shi. Ni kaɗai na ƙi. Ina da baki a lokacin, Allah ya yafe mini.

Na ce masa, "Baba, ni ba akuyar kasuwa ba ne da za a ɗaura mini shaida. Hannuna ya san hanya."

Ya ce, "To, Allah shi tsare. Amma ka sani hannu ba shi jin labari."

Gaskiya kuwa hannun ya san hanya. Cikin Illelar Nijeriya, ba tamu ba, babu maganar gefe, tsakiya kowa ke bi yana kauce wa jakuna da masu talla. Da ka fita gari ta kudu akwai wata tsamiya mai reshe biyu, daga nan kwalta take buɗewa. Shekara goma sha ɗaya, daidai tsamiyar nan hannuna ke karkata sitiyari hagu da kansa, ko ina hira, ko ina ɓare goro. Ina alfahari da abin har ina nuna wa mutane.

Sai aka fara shela a rediyo cewa Nijeriya za ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta. A tasha an yi ta magana. Wasu na cewa manya sun ƙudura a mai da hanyoyin ƙasashen nan ɗaya, mota ta tashi daga nan har bakin teku ba ta sake gefe ba, wata rana ma takarda ɗaya za a riƙa nunawa. Wasu na cewa tatsuniya ce. Ni ban ce komai ba a kan manya, ba su taɓa shawara da ni ba. Abin da na riƙe shi ne tsokanar abokanmu direbobin Sakkwato. Duk wanda ya shigo Ƙonni sai na ce masa, "Ku zo lakwal, makarantarmu, in koya muku tuƙin mutane." Su kuwa masu ƙyalle, ranar da aka yi canjin kowa ya ƙulle nasa a madubin dama, ƙulli biyu, ya huta.

Canjin ya same ni ina jigilar gero tsakanin Tawa da Ƙonni, don haka sai bayan wajen sati uku na sake ƙetarawa. Da hantsi ne, lodin albasa, ni kaɗai a gaban mota. A sandar Nijeriya ɗan sandan da ya saba da ni ya miƙo mini takarduna yana dariya, ya ce, "Ku dai kun huta, direba. Mu ne ke ta fama da mutanenmu." Na yi dariya na ce Allah ya ba su haƙuri. Ga alluna an kakkafa a bakin hanya da kibiya tana nuna dama, na gan su da idona. Na ratsa gari, na iso tsamiya, hannuna ya yi abin da ya saba. Wallahi ban ji komai ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne motar farko da na gamu da ita. Wata babbar mota ce ta Sakkwato, direbanta na san shi. Shi ma tsohon gefensa yake bi. Muka wuce juna sumul, ya danna mini hon, na ɗaga masa hannu. Mu biyu duk a kan kuskure, kuma kuskuren ya yi mana daidai. Da shi yana kan doka, da na farka tun a nan, ko kuwa da ba ni ke ba da labarin nan ba.

Kamar mil huɗu gaba akwai kwana kusa da wani ƙauye, ga geza ta rufe gani. Ina shanyo kwanar sai ga mutum a kan keke, fararen kaya, allo ɗaure a bayansa, yana tahowa daidai hancin motata. Shi yana damarsa, inda doka ta ce ya bi. A wannan ƙiftawar ido hankalina ya dawo, na fizgi sitiyari na koma dama, na taka burki. Shi kuma da ya ga dutsen ƙarfe a kansa sai ya kauce zuwa inda ya ga fili, wato hagunsa. Muka gudu wuri ɗaya. Na ji ƙarar keken a ƙarƙashina, buhunan albasa suka zubo.

Da na diro, yana kwance a gefen kwalta, ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa, goshinsa na jini, ba ya magana. Allon da ke bayansa ya tsage biyu, an zana hanya da kibiya a jiki. Kafin in san abin yi ƙauyen ya fito. Daga bakinsu na ji ko wane ne: malamin makarantar garin ne, kuma shi hukuma ta ɗora wa yawo ƙauye ƙauye yana koya wa masu keke da masu amalanke sabon gefen hanya. Daga wannan aikin ma yake dawowa.

A kwanakin an zuba 'yan sanda a hanya saboda canjin, don haka ba a jima ba wani saje ya iso. Ya zagaya motar sau ɗaya. Sawun taya kuwa ƙafafun jama'a da albasar da ake tsincewa sun riga sun shafe shi. Abin da ya gani shi ne motar Nijar tsaye a damarta cif, da keken ɗan Nijeriya a hagunsa. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Kun gani ko? Waɗannan tun haihuwa dama suke bi, ba su san wani abu ba. Namu ne. Kai, har da mai koyarwar!" Ya juyo wurina ya ce, "Direba, kada ka damu, ba laifinka ba ne. Na uku ke nan a satin nan."

Na buɗe baki. Na tuna permina, wato takardar izinin tuƙi, na tuna Alhaji, na tuna tsohuwa a Tajaye. Na rufe bakin. Ba ƙarya na yi ba, haka na riƙa gaya wa kaina daga baya, ai ba a tambaye ni ba.

Sakkwato da nisa, asibitin Ƙonni ya fi kusa. Saje ya ce in zan taimaka in juya da shi. Aka kwantar da malamin a kujerar gaba, wani ƙanensa ya tallafe masa kai. A sandar Nijeriya ɗan sanda ya leƙo ya ga jini, ya ɗaga. A tamu ma ɗan duwan ya ɗaga yana kaɗa mini hannu in yi sauri. Ba wanda ya nemi takarda. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan, ranar kaɗai na ga ƙasashen biyu sun zama ɗaya, kuma sai da ƙafar mutum ta karye.

An ɗora ƙafar, aka ce zai rayu amma zai ɗingisa. Ni kuma na zama mutumin kirki a gari. A tasha ana cewa ga wanda ɗan Nijeriya ya faɗo wa mota, maimakon ya yi faɗa sai ya juya da lodi ya kai shi asibiti. Alhaji ya sa mini albarka a gaban mutane. Baba kaɗai bai yabe ni ba. Ya zagaya motar, ya duba inda fentin ya goge, ya dube ni, ya tafi alwala.

Kullum da la'asar ina zuwa duba malamin, matata tana ba ni fura in kai. Mutane suna ɗauka tausayi ne. Ni na san tsoro ne, ina zuwa in ji ko ya tuna. Bai tuna ba. Bugun da kansa ya yi ya ɗauke masa abin da ya faru daga kwanar zuwa gadon asibiti. Mutum ne mai sanyin magana, ya ba ni wajen shekara goma, in na shigo sai ya yi ƙoƙarin gyara zama. Ƙanensa ne ke kawo labarin gida, kuma ba ya tauna magana. Ya ce yara a ƙauyen sun sa wa yayansa suna Malam Hagu. Ya ce masu amalanke na cewa in mai allon da kansa bai iya ba, su wa ya isa ya matsa musu. Ya ce hedimasta ya rubuta takarda sama, ana batun a karɓe aikin shelar, wataƙila ma a ɗauke shi daga makarantar a kai wani lungu, don ya kunyata hukuma. Ina zaune ina jin duk wannan, ina kaɗa furar da ludayi.

Rana ta tara na same shi shi kaɗai. Bayan mun gaisa ya ce, "Direba, akwai maganar da nake son yi maka, kunya ta hana ni."

Na ce, "Ina jin ka, Malam."

Ya ce, "Na yi ta juya abin nan. Da farko na rantse a damata nake. Amma shekara talatin ina bin hagu a kan keke, sati uku kawai na yi ina bin dama. Saje ya gani, jama'a sun gani. Ni ne. Na jawo maka asarar kaya, na tayar maka da hankali, ga shi kullum kana wahala da ni. Don Allah ka yafe mini."

Na sha zagi a rayuwata, na sha mari a hannun jandarma ina saurayi, ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan roƙon gafarar. Kuma ko a nan ban faɗa ba. Na ce, "Ba komai, Malam," na tashi na fita. Wannan "ba komai" ɗin har yau in na tuna shi sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari na tafi buro, wato ofishin jandarma. Na zaɓi buro ne don ya fi sauƙi ka faɗa wa takarda laifinka da ka faɗa wa mutum. Shef, babbansu, ya saurare ni har ƙarshe yana wasa da alƙalami, sannan ya ce, "Ina abin ya faru?" Na ce bayan Illela. Ya ce, "Tamu ko tasu?" Na ce tasu. Ya ajiye alƙalamin. "To mi ya kawo ka nan? Ƙasarmu ba ka taka doka ba. Tahi can."

Na tafi can. Saje ya gane ni, har ya sa aka kawo mini kujera. Da na gama bayani ya daɗe yana kallona kamar mai taɓin hankali. Ya ce an rufe maganar, takarda ta wuce Sakkwato, kuma ko da bai rufe ba, izinin tuƙina na wata ƙasa ne, ba shi da ikon karɓewa, sai dai ya rubuta wa manyansa su rubuta wa manyanmu, abin da shi bai taɓa ganin an yi ba. Ya rage murya ya ce, "Bawan Allah, Allah ya rufa maka asiri, kai kana yaye wa kanka? Je ka gida."

Na fito na tsaya a rana. An haɗe hanya, ba a haɗe buro ba. Laifina ya faɗa tsakanin sanduna biyu, ba mai ɗauka. Da ina neman mafita, ga ta nan an ba ni har sau biyu da hatimin hukuma. Sai dai mutumin yana can kwance yana neman gafarar abin da bai yi ba.

Daga nan asibiti na wuce. Ban zauna ba. Na ce, "Malam, a damarka kake. Ni ne na biyo hagu tun daga tsamiya. Da na gan ka na koma dama, kai ma ka kauce can. Na sani tun ranar."

Bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Ya dubi ƙafarsa, ya dubi bango. Ya ce, "Tun ranar?" Na ce tun ranar. Ya ce, "To. Ni ka gaya mini, na ji. Amma ba ni ke kiran kaina Malam Hagu ba."

Na gane. Ranar Juma'a na hau motar haya na sauka ƙauyensu. Bayan an sallame salla na roƙi maigari ya tsayar mini da jama'a, hedimasta na nan, masu amalanke na nan. Ni da nake cewa a zo lakwal in koyar da tuƙin mutane, na tsaya a ƙofar masallacin wata ƙasa na ce ni shofer ɗin Nijar ne, dama na gada, kuma ni na bi hagu na karya malaminsu yana kan doka. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah, yau ga Bafaranshe ya yi tuƙin Ingilishi!" Aka yi dariya, ban ji haushi ba, na ci a yi mini. Ƙanen malamin ne kawai bai yi dariya ba, sai da aka rirriƙe shi. Hedimasta ya sa na maimaita maganar a ofishinsa ya rubuta, na dangwala yatsa.

Labari ya riga ni isa Ƙonni. Alhaji ya ce, "Wa ya aike ka? Yanzu duk motar da ta ƙetara da sunana sai an tsaida ta." Ya karɓi makullinsa. Daminar nan a Tajaye na yi ta, ina noman gero da hannun da ya manta fartanya, matata na sayar da ƙosai a Ƙonni. Sai bayan kaka na samu wata motar, ta jigilar siminti daga Malbaza. Ranar da zan fara fita na je wurin Baba na tsaya a gabansa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro jan ƙyalle, sabo, a ninke. Ya ce tun ranar da ya duba fentin motar ya saye shi.

Malamin an bar shi a makarantarsa, an kuma bar masa aikin shelar, sai dai a kan jaki ya ƙarasa shi, bai sake hawa keke ba. Bayan wajen shekara biyu na gan shi a kasuwar Illela yana dogara sanda. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, ka yafe mini kuwa?"

Ya ce, "Ƙafar na yafe tun a asibiti, direba, tsautsayi ne, kowa na iya yi. Kwana taran da ka bar ni ina ƙaryata kaina, su ne nake ta ƙoƙari. Ka ƙara mini lokaci."

Ban sake ganinsa ba, don haka ban san ko lokacin ya ishe shi ba.

Daga baya wasu ƙasashen ma sun koma dama, manya sun zauna sun sa hannu a takardun zumunci, na kai kaya har bakin teku ban sake gefe ba, yadda aka faɗa a tasha. Abu ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Amma abin da na koya shi ne, hukuma tana iya sake doka a rana ɗaya, jikin mutum sai ya shekara yana bin tsohuwar, kuma wanda ya fi yarda da kansa shi ya fi hatsari. Na kuma koyi cewa in ka yi kuskure aka ɗora wa wani, ranar za ka faɗa, ba gobe ba, don shirun ya fi kuskuren ciwo. Na yi shekara ashirin ina tuƙi bayan wannan, ko'ina dama ake bi, babu sauran amfanin ƙyalle. Yara a tasha suna tambayata na mene ne. Ban taɓa kwance shi ba.